Yadda za ka auna ƙarfin janyowar ƙasa da zare da kwaɗon ƙofa

Ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, sai allo da alli da yara masu tambaya. Da kakar bana, lokacin da ake ta kai riɗi kasuwa, wata ɗaliba wadda mahaifinta ke awon riɗi ta tare ni bayan an tashi. Ta ce, "Malam, Baba ya ce in tambaye ka. Ya ji a rediyo wai buhun da ƙato ke nishi da shi a nan, a duniyar wata ko yaro ma ya ɗaga. Shi ne yake cewa riɗin ne ke zubewa a hanya, ko kuwa?" Na ce, "Ki gaishe min da Baba, ki ce masa ko ƙwaya ɗaya ba ta raguwa. Ƙarfin da ke jan buhun ƙasa ne ke sauyawa." Washegari ta dawo da saƙo: Baba ya ce a nuna masa ƙarfin.

Gaskiyarsa ce. Mutumin da ya tsufa a bakin sikeli ba ya karɓar magana sai ya ga ta hau ma'auni. Abin da ke tafe shi ne hanyar da muka bi a aji har muka kai masa amsa. Kayan aikin duk na gida ne: zaren ɗinkin buhu, kwaɗon ƙofa, tef ɗin tela, da waya mai kalkuleta da agogon ƙirga sakan.

Mataki na farko: raba abu biyu da muke kira da suna ɗaya

Idan an rubuta kilo 50 a jikin buhun taki, mu dai cewa muke yi nauyinsa ke nan. Amma abu biyu ne a lulluɓe cikin kalmar. Akwai yawan abin da ke cikin buhun, wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa sai an ɗiba ko an ƙara. Zan kira shi ƙunshi, kuma shi ne ake aunawa da kilo. Akwai kuma ƙarfin da ƙasa ke jan buhun zuwa gare ta, wanda kafaɗar ɗan dako ke ji. Wannan shi ne nauyi na haƙiƙa, kuma ma'auninsa nuton ne. Nuton ɗaya ya yi kusan nauyin giram 100, wato kamar ƙwan kaza biyu a tafin hannu.

Zagaya kasuwa ka dubi ma'aunan da ake aiki da su, za ka ga bambancin da idonka. Ma'auni mai faranti biyu, wanda ake ɗora dutsen awo a gefe guda, kwatanta ƙunshi da ƙunshi yake yi. Idan janyowa ta ragu, ta ragu wa kayan da dutsen awon gaba ɗaya, don haka ko an kai shi duniyar wata amsarsa ba za ta sauya ba. Sikeli mai ƙugiya kuwa sifirin ne a cikinsa, gwargwadon jan da aka yi masa gwargwadon miƙewarsa. Shi janyowa yake aunawa, ko da yake kilo aka rubuta a fuskarsa. Sikelin lantarki ma haka ne, akwai ɗan ƙarfe a ciki da ke lanƙwasawa kaɗan idan an danna shi. Tiya da mudu ba ruwansu da wannan magana, su gurbi suke aunawa, shi ya sa tiyar gero da tiyar dusa suke cika daidai amma hannu ya san ba ɗaya ba ne.

Mataki na biyu: san abin da ke jan buhun

Sau da yawa nakan ji ana cewa maganaɗisun ƙasa. Ina roƙon malamai 'yan'uwana mu bar wannan kalma, domin tana ɓatar da yara. Maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, ba ya kama riɗi ko ruwa ko akuya. Janyowa kuwa ba ta zaɓe, duk abin da ke da ƙunshi tana kama shi.

A 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana ƙa'idar: kowane abu biyu suna jan juna. Ƙarfin jan ya dogara ne a kan abu biyu. Na farko ƙunshi: idan ƙunshin duniyar ya ninka biyu, jan ya ninka biyu. Na biyu nisa, kuma a nan ake yawan tuntuɓe, domin nisan daga tsakiyar duniyar ake auna shi, ba daga doronta ba. Kai da ke tsaye a gona, akwai wajen kilomita 6,371 tsakaninka da cibiyar ƙasa. Idan wannan nisan ya ninka biyu, jan ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Idan ya ninka uku, ɗaya cikin tara. Ana ninka nisan da kansa ne kafin a raba.

A rubuce haka take: g = G × M ÷ (R × R). Ƙaramin harafin g ƙarfin janyowar ne a kan kowane kilo ɗaya, M ƙunshin duniyar ne, R nisan doronta daga tsakiya, G kuma wata lamba ce da ba ta sauyawa ko'ina a sararin samaniya, 6.674 × 10⁻¹¹. Daga gwajin da Henry Cavendish ya yi a 1798 da ƙwallayen darma ne aka fara samun hanyar sanin girmanta. Ƙunshin ƙasarmu kilo 5.972 × 10²⁴ ne. Saka waɗannan a kalkuleta, da R a mita, wato 6,371,000, za ka samu 9.82. Ma'anar lambar ita ce ƙasa na jan kowane kilo ɗaya da ƙarfin nuton kusan goma.

Lambar nan tana da wata fuska ta biyu: ita ce yadda gudun abin da ke faɗowa ke ƙaruwa, wajen mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan guda. Saki babban dutse da ƙarami tare daga tsayi ɗaya, tare za su dira. Babban an fi jansa, amma kuma ya fi wuyar motsawa, sai abin ya tashi daidai. Takarda iska ce ke riƙe ta. Dunƙule ta ka sake saki ka gani. A 1971 ɗan sama jannati David Scott na tafiyar Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda.

Mataki na uku: auna ta da hannunka

Nan ne gundarin aikin, kada a yi gaggawa. Abu mai faɗowa ya fi ƙarfin yatsan mai danna agogo, don haka sai mu sa shi faɗuwa a hankali, ya yi ta maimaitawa. Lilo ke nan.

Nemi ɗaki ko zaure mai azara a sama. Ka rufe ƙofa da taga, musamman da hunturu, domin iska kaɗan na ɓata ƙirga. Ɗaure zare a jikin ƙusa da aka kafa a azarar, ɗauri mai ƙarfi wanda ba ya zamewa. Kada ka zagaya zaren a jikin azarar kanta, domin yana lilo tsayinsa zai riƙa sauyawa. A ɗaya bakin ka ɗaure kwaɗon, ko babban noti irin na injin niƙa. Abin da ake so ƙarami ne mai nauyi. Gwangwani ko gora ba za su yi ba, iska na tare su. Zaren kuma ya zama marar miƙewa. In sabo ne, bar kwaɗon ya rataya na ɗan lokaci kafin ka auna, ya gama miƙewar da zai yi.

Yanzu auna tsayi, daga inda zaren ya bar ƙusa zuwa tsakiyar kwaɗon. Tsakiyarsa na ce, ba samansa ba, ba ƙasansa ba. Wannan shi ne kuskuren da yara suka fi yi. Mita biyu ya fi mita ɗaya kyau, domin kuskuren santimita ɗaya cikin mita biyu rabin kashi ɗaya ne kawai cikin ɗari. Tef ɗin tela yawanci mita ɗaya da rabi ne, sai ka sa alama da biro a jikin zaren ka auna sau biyu, ko ka aro tef ɗin magina. Ka auna zaren yana rataye da kwaɗonsa, ba a kwance a tabarma ba.

Zana layi a ƙasa daidai ƙarƙashin kwaɗon. Ja shi gefe kamar taƙi ɗaya, kada ya wuce santimita 25, ka sake shi ba tare da turawa ba. Idan ka ja shi da nisa lissafin zai karkace, domin ƙa'idar ta ƙaramin lilo ce. Idan ka ga ya fara zagaye kamar mai tuƙa tuwo, tsayar da shi ka sake.

Bar shi ya yi lilo biyu ko uku ya daidaita. Sa'an nan, daidai lokacin da ya ƙetare layin zuwa dama, danna agogo ka ce "sifili". Sifili, ba ɗaya ba. Duk sanda ya sake ƙetare layin zuwa dama, wato ya je ya dawo, ka ƙirga ɗaya. Ci gaba har 50, ka tsayar da agogo. Mutum guda ya yi ƙirga da danna agogon, wani kuma ya riƙa ƙirgawa a zuci don tabbatarwa. Me ya sa har 50? Yatsa kan yi jinkiri ko gaggawa da ɗan ɓangaren sakan, kuma kuskuren lokaci ninki biyu yake zama a amsa tunda za a ninka lokacin da kansa. Idan an shimfiɗa kuskuren a kan lilo 50, sai ya narke. Yi haka sau uku, ka haɗa ka raba uku.

Ga lissafin. A ce tsayin mita 2.00 ne, lilo 50 kuma sun ɗauki sakan 142.1. Raba 142.1 da 50, lilo ɗaya sakan 2.842 ke nan. Ninka 2.842 da kansa, 8.077. Ninka tsayin da 39.48, ka samu 78.96. Wannan 39.48 ba daga sama ta faɗo ba, lambar da'ira ce 3.1416 aka ninka da kanta sa'an nan aka ninka da huɗu. Raba 78.96 da 8.077. Amsa 9.78, ita ce g ta wurin da kake.

Idan ka samu wani abu tsakanin 9.6 da 10.0 a gwajin farko, ka yi aiki mai kyau. Idan ka ga 10.2 ko sama, duba ko da "ɗaya" ka fara ƙirga, domin wanda ya yi haka lilo 49 ya ƙirga yana zaton 50 ne. Idan amsar ta yi ƙasa sosai, mai yiwuwa ka tsaya da awon zare a saman kwaɗon. Idan ta kai wajen 39, zuwa kaɗai ka ƙirga a matsayin lilo guda, ba zuwa da dawowa ba.

Kafin ka kwance zaren, yi abu ɗaya da nake ganin ya fi duk sauran shiga zuciyar yaro. Cire kwaɗon ka sa wanda ya ninka shi nauyi, ka gyara zaren tsayin ya koma yadda yake. Tambayi yara wanne zai fi sauri. Kusan duka za su ce babban. Sake ƙirgawa. Lokacin bai sauya ba. Na ga aji ya yi tsit a wannan gaɓa, kuma shirun nan ya fi min amsar da aka haddace. Lilon bai san girman abin da ke rataye ba, tsayin zare da ƙarfin janyowar wurin kawai ya sani. Da za ka kai wannan zaren mai mita biyu duniyar wata, lilo ɗaya sai ya ɗauki kusan sakan bakwai.

Mataki na huɗu: fitar da nauyi

Wannan gajere ne. Nauyi shi ne ƙunshi sau g. Buhun taki mai kilo 50 sau 9.78, nuton 489. Jarkar ruwa mai lita 25, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce, ruwan cikinta nuton 245 ne kusan. Kowane yaro ya hau sikeli ya lissafa nasa.

Mataki na biyar: kai buhun wata duniyar

Ba sai ka yi fama da lambobi masu sifili ashirin ba. Kwatanta kowace duniya da tamu ya isa. Nemi abu biyu: ƙunshinta sau nawa ne na ƙasa, da nisan doronta daga tsakiya sau nawa ne na ƙasa. Ninka na biyun da kansa, ka raba na farkon da shi. Abin da ya fito ka ninka da 9.8.

Fara da duniyar wata. Ƙunshinta kashi ɗaya ne cikin 81 na ƙasa, wato 0.0123. Mai gaggawa zai ce to janyowarta ma ɗaya cikin 81 ce. A'a. Ƙarama ce, daga doronta zuwa tsakiya kilomita 1,737 ne kacal, wato 0.273 na ƙasa, don haka mai tsayuwa a kanta ya fi kusa da cibiyarta. 0.273 sau 0.273 ya ba da 0.0745. Raba 0.0123 da 0.0745, ka samu 0.165, kusan ɗaya cikin shida. Ninka da 9.8, ka samu 1.62. Buhun kilo 50 a can nuton 81 ne. Sikeli mai ƙugiya da aka saya a kasuwar Maigatari zai nuna kilo takwas da ɗoriya, ma'auni mai faranti biyu kuma zai ce hamsin cif. Amsar Baba ke nan. Sai dai a kula, ɗagawa ce ta yi sauƙi. Idan buhun ya taho da gudu ya bugi ƙirjin mutum, bugun kilo 50 ne, domin ƙunshin na nan.

Jar duniyar nan da 'yan jarida ke kira Mars, littattafan Larabci kuma Mirrik: ƙunshi 0.107, nisa 0.532. Ninka nisan da kansa, 0.283. Raba, 0.378. Janyowarta 3.7, buhunmu zai ji kamar kilo 19.

Mushtari, babbar cikinsu, ta ninka ƙasa sau 318 a ƙunshi, amma nisan samanta daga tsakiya ya ninka namu sau 11.2. Ninka 11.2 da kansa, 125. Raba 318 da 125, biyu da rabi kawai. Janyowarta 24.8, buhun zai ji kamar kilo 127. Ita ba ta da doron da za a taka, iskar gas ce mai kauri, lissafin na saman gajimarenta ne.

Wadda na fi son in ba yara ita ce Zuhal, mai zobe. Ƙunshinta sau 95 na ƙasa, nisa sau 9.45. Yara kan yi zaton za ta murƙushe mutum. Lissafi ya ce 95 raba 89.3, wato 1.06, kusan daidai da nan. Buhun ƙaiƙayi ce: girma har girma, amma a sake take, har ba ta kai ruwa cunkushewa ba. Zara matar wata kuwa, da muke gani da almuru ko da asuba, ta yi kusa da ƙasa a girma da ƙunshi, janyowarta 8.87. Ga aikin gida: Uɗarid, mafi kusa da rana, ƙunshinta 0.0553, nisa 0.383. Lissafa ka kwatanta da Mirrik wadda ta kusan ninka ta biyu a ƙunshi.

Me ya sa lilonmu ya ce 9.78 alhali littafi ya ce 9.81?

Wani ɗalibi mai lura zai yi wannan tambayar, kuma kada a ce masa kuskure ne. Ƙasa ba ƙwallo ba ce sumul. Tana da tumbi a tsakiya, kilomita 6,378 daga cibiya zuwa layin da ya raba ta biyu, amma 6,357 zuwa ƙuryar arewa ko ta kudu. Ga kuma juyawar da take yi sau ɗaya a kowace rana, wadda ke rage ɗan nauyi, kuma ta fi ragewa a tsakiyar. Don haka g 9.78 ce a layin tsakiya, 9.83 a ƙuryoyin biyu. Kano da Jigawa suna wajen digiri 12 ne arewa da layin, shi ya sa tamu 9.78 ce. Lambar 9.80665 da littattafai ke taƙaitawa zuwa 9.81 yarjejeniya ce da aka tsayar a 1901 don a samu abin dogaro guda.

Da lilo aka fara gano wannan. A 1672 Jean Richer na Faransa ya kai agogo mai lilo da aka saita a Faris zuwa Kayen, a Kudancin Amurka kusa da layin tsakiya, sai agogon ya riƙa jinkiri da wajen minti biyu da rabi kullum, har sai da ya rage tsayin lilon. Lilon zarenmu ba shi da kaifin da zai raba 9.78 da 9.81 kullum, amma hanyar ɗaya ce.

Hawa sama ma na ragewa, sai dai kaɗan: kowace kilomita guda tana cire wa buhun kilo 50 wajen giram 15. Tashar 'yan sama jannati da ke shawagi a tsayin kilomita 400 har yanzu janyowar wurin wajen 8.7 ce. Yawon da ake ganin suna yi a iska ba rashin janyowa ba ne, su da tashar ne ke faɗuwa tare suna zagaye ƙasa.

Ga inda maganar ta shafi mai awo. Sikelin lantarki da aka saita a Landan, inda g ta kai 9.81, idan aka kawo shi Dawanau ba a sake saita shi ba, zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da wajen kashi uku cikin dubu. A buhun kilo 50 giram 150 ke nan, a tirela mai tan 30 kuwa kilo 90. Shi ya sa ake saita sikeli a inda zai yi aiki, da dutsen awo sananne. Amma kada wani ya fake da wannan. Tsakanin Maigatari da Dawanau bambancin bai kai abin da sikelin kasuwa zai gani ba. Idan buhu ya rasa kilo guda a wannan hanya, a duba bushewar hatsi, ko hujin buhu, ko sikelin kansa, kuma mai awo ya san abin da Suratul Muɗaffifina ta faɗa a kan masu tauye ma'auni. Gwada sikelinka ba wuya: zuba ruwa lita biyar da ka auna da kyau a jarka, ka cire nauyin jarkar, ya kamata ya nuna kilo biyar. Maimaita da lita goma da ashirin, domin sifirin da ya gaji yakan yi gaskiya a ƙaramin kaya ya yi ƙarya a babba.

Ranar wata Asabar muka ɗaure zaren a azarar zauren mahaifin yarinyar. Shi ya riƙe wayar, 'yarsa na ƙirga. Da aka kai ga sauya kwaɗon, ya ce a dakata, ya shiga gida ya fito da dutsen awonsa na kilo ɗaya, ya ce, "Malam, a sa wannan, shi na yarda da shi." Muka ninka zaren biyu don kada ya tsinke, muka auna tsayin zuwa tsakiyar dutsen, ya ce sifili da bakinsa ya danna agogo.